Yadda Ake Sauka a Tsohon Gida Mai Araha a Tsibirin Zanzibar

Mutumin garinmu Utai da hanya ta kama zuwa Zanzibar, ko taron ilimi ne ya kira shi, ko fatauci, ko kuwa marmarin ganin teku kawai, galibi abin da ya sani game da tsibirin bai wuce hotunan da ke yawo a waya ba: farin yashi, shuɗin ruwa, da manyan otal-otal na bakin gaɓa waɗanda ba kowane aljihu ke iya ɗaukarsu ba. Da yawa daga nan suke fasa tafiyar. Alhali kuwa a cikin tsohon birnin, wanda 'yan gari ke kira Mji Mkongwe, Turawa kuma Stone Town, gidajen baƙi masu sauƙin kuɗi suna nan birjik, kuma da yawansu sun haura shekara 100 a tsaye. A ganina su ne masaukin da ya fi dacewa da irinmu, muddin mutum ya san abin da yake saye. Gidajen iyali ne na attajiran da, aka mai da su masauki, kuma da wuya ka sami ɗaki biyu da suka yi kama da juna a cikinsu. A gida ɗaya, a farashi ɗaya, wani zai kwana iskar teku na kaɗa shi, wani ya kwana cikin gumi da warin danshi. Abin da ya raba su, ɗaya ya hau ya duba kafin ya biya, ɗaya bai duba ba.

Tun kafin ka haye gadar Wudil

Zanzibar yanki ne na Tanzaniya tun haɗewar 26 ga Afrilu 1964, saboda haka bizar Tanzaniya za ka nema. A nan 'yan Najeriya da 'yan Nijar suna da sharaɗin da bai hau kan mutanen ƙasashe da yawa ba. Ba a buga mana biza a filin jirgi. Muna cikin jerin ƙasashen da sai an tura takardunsu ga manyan hukumar shige da fice sun amince tukuna, kuma hukumar da kanta tana ba da shawarar a nema tun saura kamar wata 2, kada kuma a kashe kuɗi kan tikiti kafin amincewar ta fito. Ta intanet ake cike takardar. Za a tambaye ka inda za ka sauka, don haka nemi masaukin da ya yarda a kama ɗaki ba tare da biya nan take ba, a kuma soke ba tare da asara ba. Irinsu suna da yawa a Booking.com. Rubuta wa masu gidan ta WhatsApp, ka roƙi takardar da ke nuna wurinsu za ka sauka. Yadda suka amsa wannan saƙo na farko, da sauri ko da jan ƙafa, da sakin fuska ko a daƙile, ya isa ya ba ka hasken mutanen da za ka tarar.

Sai katin rigakafin shawara, wanda ake tambayar duk wanda ya fito daga Najeriya. Sai inshorar da gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun 1 ga Oktoba 2024, dala 44, da ake saye ta intanet daga kamfanin inshorar gwamnatin tsibirin, ko da kana riƙe da wata. Duk ka fitar da su a takarda, domin waya tana iya mutuwa a daidai lokacin da ka iso gaban jami'i. In ka je Wapa canjin kuɗi, ka ce sababbin takardun dala kake so, marasa yagewa, marasa rubutun biro, domin a Gabashin Afirka ana yawan ƙin karɓar tsofaffi, ko a karɓe su a ƙasa da darajarsu. Kada ka jingina da katin bankinka na naira. Wajen haɗa kaya kuma ka rabu da leda: an haramta ta a Tanzaniya baki ɗaya tun Yunin 2019, a Zanzibar ma tun kafin nan.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano, jirgin kamfanin Habasha zai kai ka Adis Ababa, daga can wani ya sauke ka a filin Abeid Amani Karume, wanda bai kai kilomita 10 daga tsohon birni ba. Wanda ya biyo ta Darussalam kuma jirgin ruwa mai gudu zai shiga, tafiyar kamar awa 2, a ajiye shi a tashar Malindi, a bakin tsohon birnin. Game da lokacin tafiya kuwa, babbar daminar tsibirin, masika, daga Maris zuwa Mayu take. A lokacin farashin ɗaki yana faɗuwa sosai, amma kuma a lokacin ne tsofaffin gidaje ke nuna duk aibinsu. Daga Yuni zuwa wajen Oktoba iskar kudu da suke kira kusi ke kaɗawa, gari ya yi daɗi, baƙi su cika shi. Disamba zuwa Fabrairu zafi ne, kuma zafi mai laima, wanda gumi ba ya bushewa a jiki, ba irin busasshen zafin bazararmu ba. A Fabrairu ake bikin kiɗa na Sauti za Busara, ɗakuna su yi wuya.

Duk lokacin da ka zaɓa, kada ka ɗaure kanka da fiye da kwana 2 tun daga gida. Gani ya kori ji. In gidan ya yi maka, sai ka ƙara kwanaki baki da baki, galibi a farashi mafi sauƙi. In bai yi ba, lungu na gaba akwai wani.

Mota ba ta shiga yawancin lungunan, don haka ka nemi masu gida su turo wanda zai tarye ka a wani sanannen wuri, kamar kasuwar Darajani ko lambun Forodhani. Jaka mai taya tana wahala a lungun da ruwa ya cinye, kuma sai an hau da ita bene, saboda haka ka rage kaya. A bakin tashar jirgin ruwa za ka ci karo da 'yan kamasho da ake kira papasi. Wani zai ce gidan da ka kama ya cika, ko an rufe shi, ya san wanda ya fi shi. Kamashonsa a kan kuɗin ɗakinka za a ɗora. Ka gaishe shi da mutunci, ka ce ana jiranka, ka wuce.

Gidan da za ka shiga

Yawancin waɗannan gine-gine na ƙarni na 19 ne. A 1840 Sayyid Sa'id, sarkin Oman, ya dawo da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar, garin ya zama cibiyar cinikin kanumfari da hauren giwa da bayi. Larabawa masu gonaki da Indiyawa masu ba da bashi da shaguna suka yi ta tayar da benaye masu hawa 2 da 3 a matse da juna. Bayan juyin juya halin 12 ga Janairu 1964, wanda ya kawar da sarautar ya kuma ci rayuka da yawa, masu gidaje da dama suka gudu, gwamnati ta karɓe gidajen ta zuba iyalai talakawa a ciki, ɗaki ɗaya iyali ɗaya, babu mai halin gyara. Sai daga tsakiyar shekarun 1980, da aka sassauta harkar kasuwanci baƙi suka fara zuwa, aka soma gyara wasu ana mai da su masauki. A 2000 hukumar UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya. Masu kuɗi sun sayi manyan gidajen sun mai da su otal na alfarma. Waɗanda muke magana a kansu su ne na tsaka-tsaki, inda iyali ko wani ɗan gari ke riƙe da ɗakuna 'yan kaɗan, ya gyara abin da ya iya, ya bar sauran yadda ya gada.

Sanin yadda aka gina su shi ne rabin sanin yadda za ka zaɓi ɗaki. Bangon na dutsen murjani ne da aka haɗa da farar ƙasa, mai kauri ƙwarai, yana hana zafin rana shiga, amma yana shan ruwa. Rufin kuwa a kan sandunan boriti yake, itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku. Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san yadda tsawon azara ke yanke wa magini faɗin soro. To haka boriti yake yi a can: ɗaki ba ya wuce faɗin mita 3 ko ɗan sama da haka, sai dai ya yi tsawo, rufinsa kuma ya yi bisa sosai don zafi ya tashi sama. A tsakiyar gida ana barin fili da ke buɗe har sama, shi ke jawo iska da haske. A waje akwai dakali a gefen ƙofa, baraza a bakinsu, ita kuma ƙofar ta katako ce mai sassaƙa. Ta Larabawa mai kusurwa huɗu ce, sau da yawa da rubutun aya a samanta, ta Indiyawa kuma mai baka a sama, da manyan ƙusoshin tagulla. Kada kyan ƙofa ya ruɗe ka. Akan sami ƙofar da masu yawon buɗe ido ke layin ɗaukar hotonta, bayanta kuwa gida ne da ke neman zubewa.

Unguwa ma abin dubawa ce. Shangani, wajen titin Kenyatta, ita ce ta fi cika da baƙi da shagunan tsaraba da mashaya, kuma ta fi tsada. Malindi tana kusa da tashar jirgin ruwa, akwai araha, akwai hayaniyar masunta da 'yan dako tun asuba. Ni na fi son tsakiya, wajen Kiponda, Hurumzi ko Mkunazini, inda maƙwabtanka 'yan gari ne, yara na wucewa zuwa makarantar allo, masallaci na kusa. In ba ka son kwana a gidan da ake sayar da giya, tambaya kai tsaye tun a WhatsApp. Ba za a ji haushi ba, domin mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, kuma ƙananan gidaje da yawa ba sa ajiye ta.

Duba ɗaki

Bayan gaisuwa, kafin ka ciro kuɗi, ka ce kana son ganin ɗakin, in da hali biyu ko uku. Wannan ba rashin kunya ba ne a can, sun saba. Bar jakarka a ƙasa ka bi yaron gida. Tun a matattakala za ka fara karatu: ta katako ce, a miƙe take, tsakanin taki da taki da nisa. Tambayi gwiwarka ko za ta iya hawanta sau biyar a rana. In kana tare da dattijo ko mai juna biyu, magana ta ƙare, hawa na ɗaya za ku tsaya.

Ɗakin ƙasa shi ne mafi araha, kuma shi nake ba da shawarar a guje wa. Duhu gare shi, danshi na hawowa ta bango, kuma duk babur ɗin da ya ratsa lungu kamar ta gefen gadonka ya bi. Hawa na ƙarshe yana da iska da kallon rufin gari har zuwa teku, amma in kwano ne kai tsaye a kansa, da azahar ba ya zaunuwa. Na tsakiya ya fi: bango mai kauri ta ko'ina, wani ɗaki a samansa yana tare masa rana.

Da an buɗe ƙofa, tsaya ka shaƙi iskar ɗakin kafin a kunna fanka. Hanci ya fi ido gane danshi. In ka ji wari irin na tufafin da aka naɗe da jiƙa, dubi ƙasan bango, za ka ga fenti ya kumbura ko baƙin tabo ya bazu. Sau da yawa siminti ne aka shafa a kan murjani, ya toshe hanyar da ruwa ke fita. Mai asma kada ya kwana a irin wannan ɗaki ko kyauta ne. Daga nan sai taga. Buɗe ta da hannunka. Na ga ɗakin da hotonsa ya yi kyau ƙwarai a intanet, da gado mai rumfa da akwatin katako mai ƙusoshin tagulla, amma da aka ture tagar sai ga bangon maƙwabci, tsakaninsu bai kai kamu biyu ba, ko ganye ba ya motsi. Abin da kake nema shi ne kafa biyu: taga ta waje da wata taga ko ƙofa da ke kallon tsakar gida, yadda iska za ta shiga ta nan ta fita ta can. Ɗakin da ya sami haka fanka ta ishe shi. Mai na'urar sanyaya ɗaki ya fi tsada, kuma sau da yawa an liƙe tagoginsa, in wuta ta ɗauke sai ka gwammace kana waje.

Ɗaga kai ka dubi rufi. Sandunan boriti baƙaƙe ne, a jere kusa da kusa, kuma daga inda suka shige bango suke fara ruɓewa. In ka ga sun yi ciki, ko garin itace a ƙasa, ko sabon tabon ruwa a tsakaninsu, nemi wani ɗaki. Wannan ba tsoro ne na banza ba. Beit al-Ajaib, ginin da Sarki Barghash ya yi a 1883, wanda ya riga kowane gini a tsibirin samun lantarki, wani sashensa ya rufta ranar 25 ga Disamba 2020, duk da irin idon da ke kansa. Ka kuma lura da hanyar fita. Gidaje da yawa matattakala ɗaya ce da su, tagogin kuma da ƙarafa. Tambayi ko ana kulle ƙofar gida da dare, wa ke riƙe da mabuɗi, ina mai gadi yake kwana.

Gadon Zanzibar dogo ne, mai ginshiƙi huɗu, da gidan sauro a kewaye. Sauke gidan sauron ka duba shi ta wajen haske, ko akwai huda, ko ya isa a cusa shi ƙarƙashin katifa. Tsibirin ya yi nasarar rage zazzaɓin cizon sauro ƙwarai, amma sauro na nan, kuma yana hana barci. Yaye zanin gado, ka bi ɗinkin katifa da fitilar wayarka. Ƙananan baƙaƙen ɗigo a jikin ɗinki alamar kuɗin cizo ne, kuma tsohon katako maɓoyarsu ce.

A banɗaki murɗa famfo ka bar shi ya zuba na ɗan lokaci, ka ja ruwan masai ka ga ko tankin yana sake cika. Ruwan gidajen daga tankin da ke kan rufi yake saukowa, injin ke tura shi sama, don haka in babu wuta na tsawon lokaci ruwa ma yankewa yake. Roƙi bokiti ka riƙa ajiye shi cike. Buta ko abin tsarki ba ya wuya a garin Musulmi, in babu ka tambaya. Wani lokaci ruwan yana da ɗan gishiri-gishiri, na wanka ne da alwala, na sha kuwa na gora za ka saya. In banɗakin na tarayya ne, ƙirga ɗakunan da ke amfani da shi. Wutar tsibirin daga babban yankin Tanzaniya take zuwa ta wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, kuma ta taɓa lalacewa daga Disamban 2009 har Maris 2010, gari ya zauna a duhu. Tambayi ko akwai janareta, ko kuma yana ɗaukar fanka da dare. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, cajarka za ta shiga.

Sai ciniki. Tambayi abu uku a fili: ko kuɗin na ɗaki ne ko na kowane kai, ko da karin kumallo a ciki, ko kuma an haɗa da harajin da gwamnati ke karɓa kan kowane baƙo a kowane dare. Wannan na ƙarshe shi ya fi kawo saɓani ranar tafiya. Ku daidaita da wane kuɗi za a biya, in shilin ne a kan wane canji. Wanda zai yi mako yana da bakin neman ragi, musamman da damina, amma ka nema da kara, domin da ɗan abin da ke shigowa ake riƙe da ginin. Karɓi rasit duk lokacin da ka biya. Fasfo kuma a kwafa a ba ka abinka, kada ya kwana a teburin karɓar baƙi.

Zama a cikinsa

Da zarar ka ajiye kaya, ka ɗauka gidan mutane ka sauka. Mai karɓar baƙin wataƙila ɗan mai gidan ne, mai soya ƙwai da safe wataƙila gwaggonsa ce. Sallama tana aiki a ko'ina. Ga dattijo ana cewa shikamoo, ya amsa marahaba, kuma za ka ga fuskarsa ta sake in baƙo ya faɗa. Kafin shiga ɗaki ko sashen iyali ana cewa hodi, a jira a ji karibu. In ka ga takalma a bakin matattakala, cire naka. Bahaushe da kaftani da hula, ko Bahaushiya da hijabi, ba sa zama bare a lungunan nan, domin mazan garin farar kanzu suke sawa da hula mai aiki, matan kuma a lulluɓe. Murya tana tafiya ta tsakar gida har hawa na ƙarshe, don haka in za ka kira Utai da dare, tuna agogonsu yana gaba da namu da awa 2, lokacin da gida ake hirar bayan isha'i su sun yi nisa da barci.

Kafin ka shimfiɗa darduma, tambayi alƙibla. Mu mun saba da fuskantar gabas, har jiki yakan juya da kansa. Zanzibar kuwa tana kudu da Makka ne kusan a miƙe, don haka alƙiblarsu arewa ce. Masallatai kusan 50 ne a cikin tsohon birnin, yawancinsu ƙanana, ba su da wata alama daga waje in ban da takalma a ƙofa. Akasarin jama'a Shafi'awa ne, za ka ji ana bayyana bisimilla ana kuma ƙunuti a fili da asuba. Akwai masallatan Ibadawa, mazhabar da Omanawa suka zo da ita, su kuma sakin hannu suke yi a salla, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi cikin Malikiyya. Akwai na 'yan Shi'a na zuriyar Indiyawa. Mai gida zai nuna maka wanda ake Juma'a a kusa. Garin malamai ne: ɗansa ne Sheikh Abdullahi Saleh al-Farsy, wanda fassararsa ta Alƙur'ani zuwa Suwahili ta fito a 1969. Da azumi gidajen abinci da yawa a rufe suke da rana, ka yi magana da masu gida tun da wuri kan sahur.

Akwai wani abu da ke sa baƙi rasa jirgi. A Suwahili ana fara ƙirga awa daga fitowar rana, don haka saa moja, wato awa ta ɗaya, ita ce ƙarfe 7 na safe, saa nne kuma, awa ta huɗu, ƙarfe 10. Wani in ya juya maka zuwa Turanci, lambar kawai yake fassarawa. Duk alƙawarin da ya shafi mota, jirgi ko lokacin barin ɗaki, nuna masa a fuskar agogo ko ku rubuta a waya.

Karin kumallo galibi a kan rufi ake yinsa, kuma shi kaɗai ya isa dalilin zaɓar irin wannan gida. Za ka hau da sanyin safiya ka tarar da 'yan tebura ƙarƙashin rumfa, a kawo shayi mai citta, da chapati ko mandazi, da ƙwai, da yankan gwanda, abarba da ayaba. Ta ko'ina rufin kwano ne mai tsatsa, hasumiyoyin coci da na masallaci sun ɗago a tsakani, can gaba jiragen ruwa masu filafilai suna dawowa daga kamun kifi. Hankaki na jiran ka juya baya, kada ka bar faranti a buɗe. A nan ne ma igiyar shanya take. Wanki ba ya bushewa a cikin ɗaki saboda laima, kuma jiƙaƙƙen tawul yana ɓata tsohon katako. Abincin rana ka bi inda 'yan gari ke ci, wajen Darajani, kasuwar da aka gina a 1904, ko Mkunazini, ka sami pilau ko biriyani da kifi. Da yamma a Jaws Corner ana shan gahawa a kan dakali. A Forodhani da dare ana gasa kayan teku, amma ka tambayi farashi kafin a ɗora, ka kuma tsaya a gasa a gabanka. Urojo, wata miya mai tsami da dankali da 'yan soye-soye, tana da araha a wurin.

Ɓata a lungu kam sai ka yi, Google Maps ma rikicewa yake a ciki. Ɗauki katin gidan a aljihu. Birnin ƙarami ne, teku ta kewaye shi ta gefe biyu, babban titin da ya bi ta Darajani ya tare na uku, don haka in ka miƙe ta fuska ɗaya cikin 'yan mintoci za ka ɓulla ɗayansu. Matambayi ba ya ɓata, kuma dattawan da ke kan dakali sun san kowane gida.

Ina roƙon duk wanda ya kwana a waɗannan gidaje ya ware safiya ɗaya ya je Mkunazini, inda kasuwar bayi take har aka rufe ta a 1873, aka gina cocin Angilika a gurbinta. Da ƙafa ake zuwa. Dukiyar da ta sayi boriti ta biya masassaƙan ƙofofin nan, wani kaso nata daga jinin mutanen da aka koro daga cikin nahiyar ya fito, ta hannun fatake irin su Tippu Tip, wanda ya rasu a 1905, gidansa kuma yana nan a Shangani. Mu ma ƙasarmu ta san wannan ciniki, Kano ta san shi. Bai kamata Bahaushe ya yi mako yana yaba sassaƙa ya dawo bai tsaya a wurin ba.

Ana jibi za ka tafi ka zauna da mai gida ku yi lissafi, kada a bar shi sai safiyar tafiya. Galibi da hantsi ake barin ɗaki, amma za su ajiye maka kaya in jirginka na yamma ne. Tukuicin yaron da ya hau da jakarka da matar da ke gyara ɗaki ka ba su hannu da hannu. Tsarabar kanumfari, kirfa da masoro a Darajani ta fi sauƙi bisa shagunan Shangani, a ƙulle maka a takarda ko ƙyalle. In ta jirgin ruwa za ka koma Darussalam, sayi tikiti kwana ɗaya kafin tafiya a ofishin kamfanin da kansa, ka riƙe fasfo a kusa domin ana dubawa a tashar duk da ƙasa ɗaya ce. Ka zaɓi jirgin safe, musamman lokacin kusi, domin da yamma teku tana tashi, kuma wanda iyakar saninsa da ruwa kogin Wudil ne zai ji a jikinsa.